Allurar da Ta Ƙi Tashi

Markus bakanike ya cire nozul na shida, bakin fesa mai a injin, ya ɗaura agogon gwajin matsi, ya murza makulli. Allurar agogon ta ɗan motsa, ta kwanta. Injin tsohuwar motar sojan da aka sa a kasuwa ya gama yawo.

Alhaji Bature, wanda ya ƙwace gonar mahaifin Markus a Kafur, yana tsaye a kansa. Da motar yake son kai audugarsa Funtua.

"Yaya, yaro? In saya?"

"Kada ka saya, Alhaji. Ko Bakori ba za ta kai ba."

Alhaji ya tuntsire da dariya. "Don kanka kake son ta ke nan! Na saya."

Markus ya sunkuya yana goge hannu, yana murmushi. Ya san Alhaji bai taɓa gaskata wanda ya zalunta ba.