Gurbin Goggo Dudu

Mutum ɗaya ya rage a yi wa aiki, a layi kuma saura biyu: Goggo Dudu, sai Hamajoda a bayanta. Likitocin ido na kyauta sau ɗaya suke zuwa Marwa a shekara. Hamajoda kuwa kwana biyu ya yi a hanya, yanar ido ta rufe masa gani har ba ya bambance mutum da kututture.

Yana jin likita ta daɗe a kan tsohuwar kafin ta yi magana.

"Goggo, wa ya taɓa miki idanun nan?"

"Wani mai allura ne da ke bin kasuwanni, shekara tara ke nan. Ya ce zai ture yanar, kwana uku in ga jikokina."

"Allurar ta kashe su, Goggo. Babu abin da za mu iya. Baffa, matso, gurbin ya zama naka."

Hamajoda bai motsa ba. Can ya ce a hankali, "A ba wani. Ni na fasa."

Sai ya ji hannu ya lalubo nasa, ya riƙe gam.

"Tun sallamarka da safe na gane ka," in ji Goggo Dudu. "Fuskarka ce abu na ƙarshe da na gani a duniya, muryar kuma ba ta tsufa ba. Tashi a buɗe maka ido, mai allura. Ina nan bakin ƙofa har a kwance maka bandeji. So nake ka gan ni."