Ciwon da Auta ta Ɓoye

Auta da mota ba sa shiri. Da an tayar da inji an ɗan yi gaba, sai zuciyarta ta fara tashi, gumi ya keto mata a goshi, yawu ya cika mata baki. Kafin a fita daga unguwa ta yi amai. Haka take tun tana goye, ga shi har ta shiga firamare abin bai sake ta ba.

Mahaifinta ɗinkin kujerun kushin ne sana'arsa, kuma da hannunsa ya yi wa kujerun motarsa sabuwar riga, fata mai ruwan madara, ɗinki biyu-biyu. Duk wanda ya zo ba shi aiki, motar yake fara nuna masa. Mutum ne mai kula da iyali, ba wanda zai ce ya taɓa barin su da yunwa, amma a kan kujerun nan ba ya ɗaga wa kowa ƙafa.

"Maigida, ka sauke mata gilashi ta sha iska mana," in ji uwar wata rana suna kan hanya. "Ko ka ɗan tsaya a gefe ta huta. Turaren nan da ka rataya, ni kaina hawa mini kai yake yi."

"Shagwaɓa ce kawai," ya ce. "Ke kika sangarta ta. Sauran yaran ba su da ciki ne?"

In Auta ta yi amai, sai ya daka mata tsawa. In an dawo gida a miƙa mata bokiti da tsumma ta wanke da kanta, yayyenta na tsaye suna ƙyalƙyala dariya. Har suna suka laƙaba mata, 'Yar Leda, saboda ba ta shiga mota sai da leda a hannu.

A hankali yarinyar ta daina kuka a mota. Da ta ji an ce za a fita, sai ta ƙi cin abinci, ta shige kujerar baya ta datse haƙora, ta rufe ido har a isa. Uban ya ga haka ya ji daɗi. Ya ce wa uwar, "Kin gani ko? Da na biye miki da har yanzu muna fama."

Ana nan sai ciwon ciki ya kama Auta. Ya fara daga cibiya, ya koma gefen dama ya zauna. Ta san asibiti can ƙarshen gari yake, ta kuma san da me ake zuwa. Sai ta ja bakinta ta yi shiru. In amai ya taso ta zaga bayan ɗaki ta yi, ta rufe da ƙasa. Uwar ta ga tana tafiya a duƙe ta tambaye ta, ta ce ba komai, gajiyar makaranta ce.

Shi ma uban ya gan ta. Ta biyo ta shagonsa bayan an tashi makaranta, ta kwanta a kan guntayen soso ta naɗe ƙafafu.

"Auta, lafiya?"

"Lafiya lau, Baba."

Ya ci gaba da taka keken ɗinkinsa, don akwai mai kujerun da ke jiran aiki.

Ranar da abin ya fi ƙarfinta, uwar ce ta same ta a ƙasa, jiki kamar wuta, ciki ya yi tauri ba ya taɓuwa. Aka kira uban ya zo a guje, ya ɗauke ta cak. Suna isa bakin mota ta buɗe ido, ta riƙe ƙofar da ɗan ƙarfin da ya rage mata.

"Baba, don Allah kar a sa ni. Na warke. Wallahi na warke."

A asibiti likita ta tambayi iyayen yaushe ciwon ya fara. Suka dubi juna. Sai ta sunkuya kusa da yarinyar.

"'Yata, tun yaushe cikin ke ciwo?"

"Ya daɗe."

"To me ya hana ki faɗa?"

Auta ta saci kallon mahaifinta, sannan ta ce a hankali, "Za a kawo ni a mota. In na yi amai Baba zai yi faɗa."

Afendis ne, in ji likita, wato kumburin ɗan reshen hanji da ke gefen dama, kuma ya riga ya fashe, ruɓar ta bazu a ciki. Da an zo da wuri, ƙaramin aiki ne. Aka shiga da ita tiyata, likitoci suka yi iya ƙoƙarinsu, amma jikin ya riga ya galabaita. Auta ba ta farfaɗo ba.

Uban ya zauna a kan bencin asibiti, ya kasa kuka, ya kasa tashi. Bai taɓa ɗaga hannu ya doke ta ba, da wannan yake ta kare kansa a zuci. Amma ya ji abin da ta faɗa wa likita da kunnensa, kuma ya san ba ƙarya ta yi ba. Baƙin cikin wannan magana bai rabu da shi ba har yau.

Iyaye, amai a mota lalura ce, ba rashin tarbiyya ba. Ku sauke wa yaro gilashi, ku ce ya riƙa duban hanya can gaba, ku tsaya ya huta, ku gaya masa ba laifinsa ba ne. Yaron da kuka koya wa tsoron faɗa muku ƙaramin ciwo, babban ma ɓoye muku zai yi.