Mai Kaɗi da Tsutsar Lemo

Kin ce za ki fara sana'ar nan ba sai kin je wurin kowa ba, wai ido ma malami ne. To, ga misali, ki riƙe.

An yi wata mata mai kaɗi, mijinta ya rasu ya bar mata ɗaki biyu da bishiyar lemon tsami guda a tsakar gida. Lemon nan shi ne cefanenta, in ya yi 'ya'ya ba ta roƙon kowa gishiri. Kaɗinta kuwa na zaren tsamiya ne, silikin dajin nan da ake yi wa manyan riguna aiki da shi. Wani tsoho ne ke kawo mata kayan daga daji, gidajen da tsutsa ke saƙawa, masu ruwan ƙasa kamar tsohuwar jaka. Ta dafa su da ruwan toka, ta wanke, ta shanya, ta hau kaɗi. Shekara ashirin ana haka. Ran nan tsoho ya ƙara kuɗi, ya ce daji ya yi nisa, gwiwa kuma ta gaji. Ta taya, ya ce albarka. Ta ƙara kaɗan, ya ce albarka. Ciniki dai ba laifi ba ne, wanda bai iya tayi ba shi ake yi wa wayo a kasuwa. Laifin shi ne abin da ta faɗa a gaban mutane: wai abin da tsutsa ke yi kyauta ba za ta saya da tsada ba, ita ma za ta yi kiwonsu a gida. Tsoho ya buɗe baki zai yi magana, ta ja mayafi ta ba shi baya. Abin takaici, shekara ashirin ta san gidan, ba ta taɓa ganin maginin ba. A wurinta tsutsa tsutsa ce. Da ta koma gida ta leƙa ganyen lemonta, sai ga wasu ƙanana kamar kashin tsuntsu suna ci. Ta ce ashe arzikin yana tsakar gidanta take kai wa wani kuɗi. Ta tsince su a ƙwarya ta rufe da rariya. Da ta ga ba su da yawa, ta bi gidajen maƙwabta masu lemo tana tsince nasu, su kuwa har godiya suke mata, wata ma ta haɗa mata da goro. Ko wannan godiya ba ta sa ta tsaya ta yi tunani ba.

Daga nan wahala ta buɗe. Ta ba su zogale, suka ƙi. Ta ba su alayyafo mai kyau, wanda ita kanta sai ran Juma'a take sa shi a miya, suka kwana da yunwa a kansa. Ganyen lemo kawai, shi ma ɗanye sharaf, kuma ba tsoho ba, toho. Maƙwabta sun ba da tsutsa amma ba su ba da ganye ba, don haka bishiyarta ce ta ɗauki nauyin ƙwarya goma sha ɗaya. Kullum da safe sai ta kwashe kashinsu, ta zagaye ƙwaryar da toka saboda tururuwa, ta wuni tana korar kaji. Suka girma suka zama kore kamar yatsa, in ta taɓa ɗaya sai ta fito da ƙaho biyu ta sakar mata wari. Ta zage su, ta zagi uwar da ta haife su, ta koma ta ƙara tsinko ganye. Toho ya ƙare ta shiga manyan ganye, har furen da zai zama 'ya'ya ta karkaɗe garin tsinka. Ƙanwar mijinta ta ce mata, Yaya, tsohon nan fa yana kasuwa duk ran Laraba, je ki nuna masa guda ɗaya mana. Ta ce gara ta haɗiye mazarinta. Da kwanansu ya cika, kowace ta manne a bakin rariya ta ƙame, ta ɗaura wa kanta zare guda siriri a ƙugu, ko kafar allura ba zai cika ba. Mai kaɗi ta ce somin saƙa ne, ta jiƙa toka, ta wanke tukunya, ta zauna jira. Bayan mako biyu ta ɗaga rariya da hantsi, sai malam-buɗe-littafi, baƙaƙe masu ɗigon rawaya, suka tashi buu ta gefen fuskarta. Suka zagaya bishiyar da ta zama tsinke, ba su ga wurin sauka ba, suka haye katanga. A ƙwarya babu komai sai ɓawo.

Larabar da ta zagayo ta je wurin tsoho da ɓawo guda a ƙullin zane, ta ajiye masa a gabansa. Ya juya shi da yatsa ya ce, "Wannan ai ɓarawon lemo ne, Hajiya. Tsutsar da ke saƙa, gashi gare ta, kuma a daji take, taro suke yi su gina gida ɗaya. Abin da zan faɗa miki ke nan ran nan kika juya." Ta sayi kayansa yadda ya faɗa, ba tayi. Shekarar nan lemon maƙwabta ya yi 'ya'ya har rassa na taɓa ƙasa, tunda an tsince musu ɓarna kyauta. Ita kuwa, mai bishiya a tsakar gida, sai da ta aika a sayo mata lemon da za ta matsa a kunu.

Shi ne Hausawa ke cewa, garin neman gira a rasa ido.