Humrar Goggo Tabawa

Tun shekarar da rana ta ƙone duk na'urorin zamani, tsohuwar na'urar rada ce ke hango mana fara tun tana nesa. Yau kwananta tara a mace, gero kuwa ya soma ido. Ƙwai guda ne ya ƙone, irin na gilashi mai iskar gas a ciki. Ni ce mai gyaranta, kasuwa uku na zaga ban samu ba.

Sai na tuna marigayi mijin Goggo Tabawa gyaran talabijin yake yi. Na garzaya gidanta.

"Goggo, cikin kayan Baffa babu wani ƙwan gilashi mai ƙafafu?"

"Akwai mana, har huɗu."

Ta ɗauko su daga bayan jeren kwanoninta, sababbi fil. Ina ɗaga ɗaya ƙamshi ya buge ni. An yanke kan kowanne, an toshe da auduga.

"Haba Goggo! Iskar da ke ciki fa?"

"Wace iska, Lantana? Babu komai a ciki, shi ya sa na zuba humra."

Fara guda ta faɗo kan tabarma. Goggo ta kaɗe ta da mafici, ta biyu ta sauka.