A Auna, A Narka

Maman Auta ta zazzage ƙullin a kan teburin maƙerin azurfa, sulalla suka watse suna ƙara. Guda ashirin da bakwai ne, tsofaffin kuɗin da aka daina kashewa tun kafin a haife ta, wasu har sun yi baƙi. Ɗaya ya gangara zai faɗi, ta tare shi da babban yatsanta, wanda har yanzu jini ke tsattsafowa inda sukudireba ta yanke ta.

"Baba, a auna a ba ni kuɗin nauyinsu, a narka yanzu," ta ce.

Maƙerin dattijo ne mai sanyin jiki, irin mutanen da ko gobara ta tashi sai sun gyara zaman tabarau. Ya ɗauki sule ɗaya ya juya shi, ya sake juyawa. Ita kuwa agogon bango take kallo. Biyu da rabi.

Tun jiya autarta ke kwance a asibiti, hanjinta ya murɗe. Likita ya ce in ƙarfe huɗu ta wuce ba a yi tiyata ba, to sai dai addu'a. Mai karɓar kuɗi kuma ba ya karɓar hawaye, ta gwada. Keken ɗinkinta ya tafi, 'yan kunnenta sun bi shi. Uban yarinyar da safe ya juye mata aljihunsa a bakin ɗakin marasa lafiya, ya rantse ba shi da ko sisi, ya fita neman taimako.

"Baiwar Allah, na waye?" in ji maƙerin.

"Gado ne."

Ya zuba su a sikeli, ya faɗi abin da suka kama. Ta yi lissafi a zuci. Ko an haɗa da na keken, da sauran rina a kaba.

"Ba ni hakan. Kawai ka sa su a wuta."

"Haba, wannan ai asara ce," ya ce. "Ni azurfar kaɗai nake saye, amma darajarsu a tsufansu take. Akwai wani bawan Allah mai tara irinsu, duk wata sai ya leƙo nan. In ya gansu har rawar jiki yake yi."

Ta tari numfashinsa. "Kada ka kira kowa, don Allah. Ba ni da lokaci."

Amma tausayin dattijo ba ya jin bari. Tuni ya danna lamba, ya buɗe muryar wayar saboda kunnensa ya yi nauyi. Ta fara tattara sulallan da sauri, suna zubewa ta tsakanin yatsunta. Ta tuna yadda ta baro yarinyar, leɓɓa a bushe, tana ce mata kada ta daɗe.

Aka ɗauka. Maƙerin ya kwatanta kayan ɗaya bayan ɗaya.

"Har da mai hoton jirgin ruwa?" in ji muryar, cike da zumuɗi. "Ikon Allah! Ina da irinsu sak a akwati a gida, amma abin nan ba a cewa ya isa. Kada ka kuskura ka narka. Ninki goma zan biya, kuɗin na jikina yanzu haka. Ba ni minti goma."

Maƙerin ya kashe wayar yana murmushi. "Kin gani ko? Allah ba ya barin wani don wani. Kuɗin tiyata ya samu har da canji."

Maman Auta ta saki sulallan. Ta zauna a kan benci a hankali, ta dubi agogo, ta dubi yankan da ke yatsanta.

"To, a jira shi," ta ce.

Shekara goma sha ɗaya ke nan tana aure da mai wannan muryar, wanda ya rantse mata da safe ba shi da ko sisi, kuma bai san ta riga ta ɓalle masa akwatin ba.