Kun Ce Fari Ne

Kun gan shi, kada ku musa. Ranar da kuka zo barka a Kagoro, ku matan zumuntar coci, kowace ta ɗauki jaririn, ta ga idonsa ya yi ruwan ɗorawa, ta kau da kai.

"Kai, yaron nan fari ne kamar kakansa!" in ji shugabarku.

Uwar ta ce, "Mama, tun jiya ba ya kama nono sosai."

"Haihuwar fari ke nan, komai sai tsoro. Ki shanya shi a hantsi, ki ba shi ruwan ganyen gwanda."

Kuka yi addu'a, kuka watse. Uban yaron yana can Sabon Tasha wurin aiki. Kwana uku uwar tana shanya ɗanta a bakin ƙofa ita kaɗai, har ya fara sanƙarewa yana wani siririn kuka. Ta rungume shi, ta hau mashin zuwa asibitin Kafanchan.

Nas ta danna goshinsa da yatsa, ta ce, "Shawara ce, ta riga ta taɓa ƙwaƙwalwa. 'Yar'uwa, me ya hana ki zuwa tun ranar farko?"

Ya rayu. Shekara ashirin ke nan yana zama a bencin baya na coci, yana kallon bakunanku suna buɗewa suna rufewa. Bai taɓa jin waƙarku ba, bai san muryar uwarsa ba. Na sani, domin ni ne.

An haihu a layinku makon nan. Ku fito da jaririn cikin haske, ku duba idonsa. In ya yi rawaya, ku kai shi asibiti yau.