Kafson Gimbiya

Matar auta ta buɗe kafson, ta zazzage garin a makwarara, ta haɗe shi fanko, ta ɗura wa kyanwar surukarta Hajiya.

"Haɗiye, Gimbiya. Saura ƙiris ki bi gudawarki zuwa kabari."

Wata takwas kyanwar tana zawo, Hajiya na sayo mata maganin kashe ƙwayoyin cuta a kemis. Ranar da kyanwar ta ɓata zanen da marigayiya mahaifiyar matar auta ta bar mata, Hajiya ko kallon zanen ba ta yi ba.

"Ba tsumma ba ne? Wanke, ki zo ki ba ta magani."

Tun ranar matar auta take ba kyanwar fanko, tana jiran gawa.

Sati uku shiru. Gimbiya ta fara cinye kwanonta tas, gashinta na sheƙi. Hajiya ta sa aka kira likitan dabbobi ya ga ikon Allah.

Likita ya karanta kwalin, ya girgiza kai. "Hajiya, maganin nan ne ke kashe ƙwayoyin da hanjinta ke buƙata. Da tana shansa har yau, da ba ta warke ba. Wa ya tsayar?"

Hajiya ta juyo a hankali, ta dubi matar auta.

"Ashe kin fi ni sonta, 'yar nan!" Ta ɗora mata kyanwar a cinya, idonta da ƙwalla. "Na bar miki ita. Daga yau a ɗakinki za ta riƙa kwana."